Waɗanda suka kalli Un homme qui crie: a ina, kuma yaya kuka gan shi?

Bazindira: Assalamu alaikum. Ina shirin nuna wa ɗalibaina masu koyon Faransanci fim ɗin Mahamat-Saleh Haroun na ƙasar Chadi, wanda ya samu lambar yabo ta alƙalai a bikin finafinai na Cannes da ke Faransa a 2010, don haka nake roƙon duk wanda ya kalle shi a bainar jama'a ya ba mu labarin yadda aka karɓe shi.

Ɗan Injamena: Wa alaikumus salam, Malama. Ni a silimar Normandie da ke Injamena na kalle shi, bayan da aka gyara ta aka sake buɗe ta a 2011, kuma mutanen garinmu da dama sun danganta gyaran da wannan lambar yabo. Labarin Adamu ne, tsohon zakaran ninƙaya mai kula da wurin iyo a wani otal, wanda sababbin masu otal ɗin suka mayar da shi mai gadin ƙofa suka ba ɗansa Abdel aikinsa, har ya kai ga barin a tafi da ɗan nasa fagen yaƙi. Mu da muka tsallaka gada zuwa garin Kusseri na Kamaru a Fabrairun 2008, lokacin da 'yan tawaye suka shigo gari, wurin da ake nuna jama'a ɗauke da kaya suna gudu ya fi ƙarfinmu. Wani dattijo da ke kusa da ni ya tashi ya fita, bai dawo ba.

Alhaji na Wagadugu: Na halarci FESPACO na 2011, wato bikin finafinan Afirka da ake yi a Wagadugu, inda fim ɗin ya zo na biyu, wani fim na Maroko ya ɗauki lambar zinariya. A gaskiya ban yarda da hukuncin ba, domin rawar da Youssouf Djaoro ya taka a matsayin Adamu, mutumin da shirunsa ya fi maganarsa yawa, ta isa a ba shi ta farko.

Hajiya Maraɗi: Malama, ki yi shirin haƙuri. 'Ya'yana da suka saba da finafinan Kano sun ƙosa tun farko saboda jan lokaci da ƙarancin waƙa, sai da budurwar Abdel ta bayyana ɗauke da juna biyu suka natsu. Akwai kuma hira da Larabcin Chadi, saboda haka ki nemi wanda aka rubuta fassararsa a ƙasa.