Kuɗin coci: kwamiti yana da ta cewa, ko Fada ne kaɗai?

Matashi daga Tumfure: Salama gare ku iyayena. Ni dai ina nan a kan bakana: a Katolika kwamitin kuɗi suna ne kawai. Mu muke zuba baiko, mu muke ƙirgawa bayan sujada, amma ranar kashewa Fada, wato limamin ikilisiya, shi ne ke yanke magana shi kaɗai.

Baba Katekis: Ɗana, ka yi a hankali. Dokokin coci na 1983, sashe na 537, sun wajabta wa kowace ikilisiya ta kafa kwamitin kuɗi. Ba alfarma Fada yake yi mana ba. Sai dai sashe na 532 ya ce shi ne wakilin ikilisiya a harkar dukiya, don gobe idan kuɗi suka ɓata a san wanda Bishop zai kira.

Matashi daga Tumfure: To ai Baba ka faɗa da bakinka. Kwamiti shawara yake bayarwa. Wanda aka ba shawara yana iya ɗauka, yana iya ajiyewa.

Mama Zumunta: Ku bar ni in sa baki, don abin yana ci mini rai. Ranar godiyar kaka ku dubi abin da ake jerawa gaban bagadi: buhun masara, tiyar wake, akuya da igiya a wuya, kajin da mata suka yi ta kiwo tun damina. Gwauruwa mai toya ƙosai za ta kwance bakin zane ta fito da ɗari biyu duk ta yamutse. Na taɓa zama a wata ikilisiya da muka yi karo-karo don rufin ɗakin sujada, damina ta zo ruwa na zuba a kan benci, ba wanda ya tashi ya ce mana ga inda kuɗin suka tsaya. Ban ce an ci ba. Ba a gaya mana ba ne, shi ne ciwon.

Akanta daga Bauchi: Mama, doka tana bayanki. Sashe na 1267 ya ce abin da aka bayar don wani aiki takamaimai, a kan wannan aikin kaɗai za a kashe shi. Sashe na 1287 kuma ya ce mai riƙe da dukiya ya kai wa Bishop lissafi kowace shekara, ya kuma yi wa jama'a bayanin abin da suka bayar. Kuma ƙanena, idan aka hau sama maganarka ba ta tsaya ba. Bishop yana da kwamiti na aƙalla mutum 3 masana kuɗi da shari'a, wa'adinsu shekara 5, kuma akwai manyan kashe-kashe da ba zai yi ba sai da yardarsu. Sayar da kadara mai tsada ma sai Roma ta amince. Ko a Batikan, a Disamba 2023 kotu ta yanke wa Kadinal Becciu ɗaurin shekara biyar da rabi a shari'ar da ta shafi wani gini a Landan.

Dattijo daga Billiri: Mu a cocinmu na ECWA, wanda ba na Katolika ba ne, dattawan da jama'a suka zaɓa ne ke zama da fasto kan kuɗi, akwai ma'aji da sakataren kuɗi, wani kaso kuma yana haurawa gunduma har hedkwata a Jos. Amma kada ku ɗauka mun huta. Inda dattawa ke jin nauyin fasto, hannu kawai suke sawa.

Matashi daga Tumfure: Na gode Baba, nan ne gizo ke saƙa. Yaya Akanta, wa ke naɗa mutum ukun nan? Bishop. Wa ke kiran 'yan kwamiti a yawancin ikilisiyoyinmu? Fada. Mutumin da kai ka ɗauko ka zaunar, da wane baki zai ce maka ranka ya daɗe wannan bai yi ba?

Baba Katekis: Na ga waɗanda suka ce, ɗana, kuma aka fasa aikin. Jin nauyi namu ne, ba na doka ba.

Mama Zumunta: To Baba, tunda akwai shi a rubuce, ka kai wa Fada saƙonmu mu mata. Muna so duk wata uku a karanta shiga da fita da Hausa bayan sanarwa, a kuma liƙa takardar a ƙofa. Idan kana jin nauyi, ka gaya mini ranar zaman kwamiti in zo da kaina.