Tambaya kan sinadarin hana rodi tsatsa a cikin kankare

Mai gini a Garin Malam:
Assalamu alaikum. Ina shirin zuba rufin kankare, wanda muke kira beto, a gidan da nake ginawa nan Damagaram, kuma akwai abin da yake damuna. Rufin gidan mahaifinmu ya fara tsagewa daga ƙasa, kankaren yana ɓarewa yana faɗowa, rodin ya bayyana ja wur da tsatsa. Wani ɗan kasuwa ya ce akwai sinadarin da ake zubawa a kwaɓi domin ya hana wannan. Shin da gaske yana aiki, kuma ya cancanci kuɗinsa?

Injiniyan gine-gine:
Wa alaikumus salam, Malam. Sinadarin gaskiya ne, amma ya kamata ka fara sanin cutar kafin ka sayi maganin. Kankare mai kyau da kansa yake kare rodi, domin siminti yana da kaifin toka mai ƙarfi, wanda ma'auninsa na pH yake kaiwa wajen 13, kuma wannan ne yake sa wata siririyar fata ta lulluɓe ƙarfen ta hana shi tsatsa. Abu biyu ne suke lalata wannan fata. Iskar kabon tana ratsa kankaren a hankali har ma'aunin ya sauko wajen 9, sannan gishirin kulorid, irin wanda yake cikin ruwan zartsi, yana huda fatar kai tsaye. Da zarar danshi ya samu shiga, tsatsa takan kumbura ta ninka girman ƙarfen da ta ci sau biyu zuwa shida, sai ta fasa kankaren daga ciki. Abin da ka gani a gidan Baba ke nan.

Sinadarin da aka fi sani shi ne kalsiyam naitirait, kuma akan zuba lita 10 zuwa 30 a kowace mita kubik, gwargwadon gishirin da ake tsoro. An fi amfani da shi a gadoji da gine-ginen bakin teku. Idan aka tauye ma'auninsa, tsatsar takan taru a wuri ɗaya ta yi rami mai zurfi, kuma sinadarin yana gaggauta daskarewar kwaɓi, abin da ba ƙaramar matsala ba ne a zafin watan Afrilu. Ka kuma karanta takardar jikin jarkar da kyau, domin akwai kalsiyam kulorid da ake sayarwa don saurin daskarewa, shi kuwa cin rodi yake yi.

Tsohon magini daga Birni:
Ɗana, na yarda da bayanin Injiniya, amma ni abin da idona ya fi gani shi ne ruwa. Saboda wahalar ruwan garin nan, ana kwaɓi da duk abin da ƴan garuwa suka kawo, har da ruwan zartsi. Ruwan da ba za ka iya sha ba, kada ka yarda a zuba shi a kwaɓinka. Sannan yaran aiki suna son kwaɓi mai ruwa-ruwa saboda sauƙin zubawa, alhali shi ne yake barin ƙananan ƙofofin da danshi yake bi. Ka tsaya da kanka ranar zubi.

Mai gini a Garin Malam:
Na gode, Baba. Injiniya, ke nan in bar sinadarin?

Injiniyan gine-gine:
Ga rufin gidan zama a nan, ra'ayina shi ne ka sa kuɗin a siminti. Ka zuba buhu 7 na kilo 50 a kowace mita kubik, kada ruwa ya wuce lita 25 ga kowane buhu, kuma idan kwaɓin ya yi tauri ka nemi sinadarin da yake sassauta shi ba tare da ƙarin ruwa ba. A ɗaga rodin da ƴan gutsattsarin kankare domin ya samu lulluɓin santimita 3, a riƙa ba rufin ruwa kwana 7, a kuma karkata samansa yadda ruwan damina ba zai kwanta ba. Idan kana shakkar rijiyarka, ka kai ruwan ɗakin gwaji, domin ƙa'idar Turai ba ta yarda kulorid ya wuce miligiram 1000 a lita ba ga kankare mai rodi.