Tambaya kan gwajin jinin maƙoƙo

Assalamu alaikum. Don Allah masana lafiya a taimaka min. Wuyan Innarmu ya kumbura, likita ya ce maƙoƙo ne, muka yi gwajin jini a nan Sabon Garin Zariya. TSH ɗinta (sinadarin da ke zaburar da thyroid, wato halittar da ke kumbura a wuya in an kamu da maƙoƙo) ya fito 0.1, alhali takardar ta nuna 0.4 zuwa 4.0 ne daidai, amma T4 (sinadarin da thyroid ɗin ke fitarwa) lafiya lau. A iya sanina, in TSH ya faɗi T4 hawa yake yi, to yaya aka yi haka? Ga ta sai ramewa take, gumi har da asuba, kofin shayi na rawa a hannunta. Ba a gwada T3 (wani sinadarin da thyroid ke fitarwa) ba. Mu biya a yi shi yanzu, ko mu jira ranar komawa asibiti? Saura mako 3.