Neman shawara: wane irin "caji" ne wannan a takardar bashin banki?

Maman Sadiƙ: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni da maigidana muna da ƙaramin kamfanin casar shinkafa a wajen Kura, mai rajistar limited. Mun nemi bashi don mu ƙaro injin tsince tsakuwa, banki ya amince, ya ba mu takardar sharuɗɗa. A wani shafi an rubuta "charges", an jero su kashi-kashi. Can gaba kuma akwai "fixed and floating charge" a kan kadarorin kamfani, amma babu ko sisi a gabansa. Ƙanen maigida ya ce duk kuɗin caji ne irin wanda ake yanka in ka tura kuɗi, wani tsayayye, wani mai hawa da sauka. Hajiya surukata kuwa tana jin an ce caji ta ce ba da ita ba, kada a kai mata ɗa caji ofis. Ranar Litinin ake so mu sa hannu. Don Allah masu sani ku taimaka.

Baba mai ritaya: Wa alaikumus salam 'yata. Ki kwantar wa Hajiya hankali, wannan ba namu ba ne. A aikin ɗan sanda caji tuhuma ce, wato a rubuta laifin da ake zargin mutum da shi a kai shi gaban alƙali. Tsarin mulkin 1999 ma ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, kuma a faɗa masa laifinsa da yaren da yake ji. Banki ba ya tuhumar kowa a takardar ba da bashi.

Usta Gareji: Hajiya, mu a wajenmu caji wuta ce kawai. In mota na aiki ka ɗora mita a kan batir ka ga 13.8 zuwa 14.4, altaneta na caji. In ka ga 12 ko ƙasa, ka nemi mai waya kafin ta ajiye ka a hanya. Na banki dai na bar wa masu biro.

Abban Nana: Na yi aikin banki a sashen bashi, bari in ɗauki na farkon. "Charges" ɗin da aka jero kashi-kashi su ne ladan banki: kuɗin duba takardu, kuɗin kula da bashi, inshora, kuɗin lauya. Daban suke da ruwan bashin, kuma galibi ana zare su tun kafin kuɗin ya shigo hannunku, sai ku ga abin da ya sauka bai kai abin da aka amince ba. Ku sa a lissafa muku su da naira, ba da kashi ba. Babban Bankin Najeriya yana da jadawalin abin da aka halatta wa bankuna su caza, ku gwada da shi. Na biyun kuwa ba kuɗi ba ne sam, Barista ce za ta warware shi.

Barista: 'Yar uwa, ƙanen maigida ya kusa kai ku ya baro. A bakin lauya wannan cajin jingina ce, shi ya sa ba ki ga adadi a gabansa ba. Kuna ba banki haƙƙi ne a kan dukiyar kamfani har sai kun gama biya.

"Fixed" ita ce jinginar da aka ɗaura a kan abu takamaimai, kamar injin casa, janareta ko fili. Abin yana hannunku kuna aiki da shi, amma ba ku da ikon sayar da shi ko sake jinginar da shi sai da izinin banki. "Floating" kuwa tana shawagi ne a kan abin da ke shiga yana fita: buhunan shanshera a sito, shinkafar da aka gyara, kuɗin asusu, bashin da kuke bin 'yan kasuwa. Kuna saye da sayarwa babu mai hana ku. Ranar da kuka saɓa sharaɗi sai ta sauka ta kama duk abin da ta tarar, banki ya iya naɗa wanda zai karɓi ragamar kayan ya sayar ya fanshe kuɗinsa. To "abin da ta tarar" ya haɗa da wanda kuka saya bayan sa hannu, nan ne mutane ke shan mamaki.

Dokar kamfanoni ta 2020 ta ce a yi wa irin wannan jingina rajista a CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, cikin kwana 90, don haka duk bankin da kuka je nan gaba zai gani. Idan akwai fili mai takardar C of O (shaidar mallakar fili ta gwamnati) a ciki, dokar filaye ta 1978 ta buƙaci amincewar gwamna, kuma sau da yawa mai cin bashi ake ɗora wa kuɗin hakan. Ki duba kuma ko an sa ke ko maigida ku tsaya wa kamfanin da kanku. In akwai wannan, gidan da kuke kwana ma bai tsira ba. Shawarata, ku nemi a ɗaga Litinin ɗin, ku kai wa lauyanku takardar, ba na banki ba, ku kuma nemi a taƙaita jinginar ga sabon injin da tsohon in za su yarda.

Malam Na'ibi: Ni maganar ruwa ce ta dame ni. Akwai bankunan da ba sa ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, suna sayen inji su sayar maka da riba sananniya. Amma kada a ruɗe ku, su ma suna karɓar jingina.

Maman Sadiƙ: Allah Ya saka da alheri. Barista, shinkafar mutane da ake kawo mana mu casa a biya mu lada fa, ita ma za ta shiga?

Barista: Ba ta shiga, don ba mallakin kamfani ba ce. Sai dai wanda banki ya turo buhu zai gani, ba zai san na wane ne ba. Ku riƙa rubuta sunan mai kaya da adadin buhu a littafi, ku ba shi rasit, ku ware musu gefe a sito.