Matata ungozoma ce 'yar Nijar: lasisi za mu fara nema ko takardar zama 'yar ƙasa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni mutumin Kamba ne, ƙaramar hukumar Dandi a jihar Kebbi. Maiɗakina haifaffiyar Gaya ce ta jihar Dosso, kuma a can Nijar ta yi karatun ungozoma, takardunta duk da Faransanci. Tana son yin rajista da Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya, don ba lasisi ba aiki. Ga matan unguwa kullum suna sallama, masu juna biyu su zo da katin awo a hannu, ita kuwa sai dai ta tura su asibiti.

Na san sashe na 26 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba matar ɗan Najeriya damar neman zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista. To sai da muka je wani ofishi, wannan ya ce sai ta samu wannan takardar tukuna, na kusa da shi ya ce izinin zama ya wadatar. A ganina na biyun ya fi kusa da gaskiya, amma kuɗi ba a zuba su kan zato. Ga kuma fitar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025, wadda ta ƙara ɗaure mana kai.

Don Allah wanda ya taɓa bin wannan hanya: wace takardar zama ake karɓa yanzu? Wa ke fassara takardun har hukuma ta amince? Kuma dole ne mu je Abuja, ko ana iya farawa daga Birnin Kebbi?