Daga kashi 33 zuwa kashi 4: wa ya samu aikin?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'ar gida. Jiya a majalisa wani ya kafe wai marasa aikin yi a Najeriya kashi 4.3 ne cikin ɗari, wai hukumar ƙididdiga ta ƙasa ce ta faɗa a rahotonta na 2024. Na ce masa ƙarya ce tsagwaronta, har muka kusa ɓatawa. Wannan hukumar ce fa ta ce kashi 33.3 a ƙarshen 2020, mutum sama da miliyan 23. Sai a watan Agustan 2023 aka wayi gari ta ce 4.1. A tsakanin nan wace masana'anta aka buɗe a Sharaɗa ko Bompai? Ni a Kwari babu ranar da yaro ba ya zuwa neman in ɗauke shi yaron shago. Maman Sadik, ke kika karanta tattalin arziki, ki raba mana gardama.

Auta: Yaya ai ba sai an tayar da Anti ba, ga ni shaida. Shekara uku da gama bautar ƙasa, takarduna na cikin leda a ƙasan akwati. An cire tallafin mai a Mayun 2023, bayan wata uku a ce rashin aiki ya sauka. Rainin hankali ne kawai.

Maman Sadik: Wa alaikumus salam. Auta, fara da gyara: 4.1 ɗin nan na watanni ukun farko na 2023 ne, kafin a cire tallafin. A Agusta aka dai fitar da shi.

Yaya, ba ƙarya suka yi ba, ma'aunin suka sauya. Buhu ɗaya ne, wani ya auna da mudu, wani ya auna da tiya, dole lissafi ya bambanta. A tsohon tsari sai ka yi awa 40 a mako ake ce maka mai cikakken aiki. Daga 20 zuwa 39 mai guntun aiki ne kai. Ƙasa da awa 20 kuwa, ko da kullum kana fita, mara aiki aka rubuta ka. Sabon tsarin ya bi ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka sabunta a taron masana ƙididdigar ƙwadago karo na 19 a 2013. Shi cewa ya yi duk wanda ya yi aikin kuɗi ko na riba ko da na awa ɗaya ne a kwana bakwan da suka wuce, mai aiki ne. Mara aiki sai ya cika sharaɗi uku: bai yi aikin komai ba, ya nema a makonni huɗun baya, kuma in an ba shi yanzu a shirye yake.

Baban Ummi: Awa ɗaya?! To ai kin ƙara min hujja. Wato in almajiri ya wanke min mota na ba shi ɗari biyar, ya shiga sahu ɗaya da ma'aikacin banki kenan.

Maman Sadik: In ya kai shekara 15, a wannan layin na lissafi, ƙwarai kuwa.

Baban Ummi: Innalillahi. Kuma kike kare su.

Maman Sadik: Ban ce ya yi min daɗi ba. Ba kai kaɗai ka ƙi shi ba ma, Yemi Kale da ya shugabanci hukumar daga 2011 zuwa 2021 shi ma ya fito ya soki ma'aunin awa ɗayan. Abin da nake musu da kai shi ne kalmar ƙarya. Ƙarya ita ce a je gida a ƙirga goma a rubuta biyu. Nan kuwa sun faɗi ma'auninsu a fili, sun ce tare da Bankin Duniya da ƙungiyar ƙwadagon suka tsara shi, kuma shugaban hukumar na lokacin, Semiu Adeniran, ya bayyana cewa sauyin hanyar lissafi ne ya kawo saukar. Bai ce an samar da ayyuka ba.

Ɗan Maraɗi: Ku yi haƙuri in sa baki. Ku da kuke kuka da kashi 4, mu a Nijar ƙiyasin ƙungiyar nan bai kai kashi 1 ba. In da adadin nan arziki yake nunawa, da mun fi Faransa. Amma kowa ya san da an gama girbi matasanmu sai cirani, wasu Kano, wasu Legas, wasu har Libiya.

Maman Sadik: Yawwa ɗan uwa, ka taɓo inda abin yake. Afirka ta Kudu da ta fi mu masana'antu nesa ba kusa ba, nata ya haura kashi 30, kuma da ma'aunin duniyan take aunawa. Can aikin albashi shi ne aiki, in ka rasa shi ka zauna kana nema, ga ɗan tallafin gwamnati da gidaje da yawa ke rayuwa a kansa. Mu wa zai ciyar da kai ka zauna? Talaka ba shi da halin zaman jira. Dole ya ɗauki baro, ko ya yi ga-ruwa, ko matarsa ta soya awara a ƙofar gida. Shi ya sa a rahotannin nan za ka ga rashin aiki ya fi yawa a birni fiye da ƙauye, ya kuma fi yawa ga masu ilimin gaba da sakandare fiye da waɗanda ba su yi boko ba. Wanda yake da mai ɗaukar nauyinsa shi ke iya jira.

Auta, makon jiya me ka yi?

Auta: Babu komai Anti.

Maman Sadik: Wa na gani ƙarƙashin lema a bakin titi ranar Laraba?

Auta: Haba Anti, wannan na'urar cire kuɗi ce ta abokina. Nakan riƙe masa kwana biyu a mako in ya tafi makaranta, ya ba ni na kati da na abinci.

Maman Sadik: To mai aiki ne kai.

Auta: Wallahi ban yarda ba. In mai ƙidaya ya zo gidanmu cewa zan yi ba ni da aiki.

Maman Sadik: Ba zai tambaye ka ko kana da aiki ba, don ya san abin da za ka ce. Tambayarsa ko ka yi wani abu da ya kawo kuɗi a makon. Amma kwantar da hankalinka, ba a nan ya tsaya ba. Zai tambayi awa nawa, zai tambayi ko kana son ƙari. Wanda bai kai awa 40 ba kuma yana son ƙari, a masu ƙarancin aiki ake sa shi, su ne kashi 12.2 a rahoton da ya kawo 4.1 ɗin. A cikinsa aka ce masu aikin albashi kashi 11.8 ne kacal na masu aiki. Kashi 92.6 kuma aikinsu na buga-buga ne, ba takarda, ba fansho, ba hutun rashin lafiya. Waɗannan su ne adadin da ya kamata a yi ta ihu a kansu, amma jaridu 4.1 suka ɗauka suka buga da manyan baƙi, kowa ya tsaya nan.

Baban Ummi: To ai matsalar kenan. Ɗan siyasa ba zai hau mumbari ya karanta 92.6 ba, 4.1 zai karanta. Hukumar nan da bakinta ta ce a 2022 mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da dama. Ƙasa mai talakawa miliyan 133 a ce kusan kowa na da aiki? Ni abin da ban gane ba, me ya sa sai mun ari ma'aunin Turawa. Mu muka san ciwonmu. Awa 20 ɗin nan ta fi kusa da gaskiyar da nake gani a kasuwa.

Maman Sadik: Ita ma tana da nata aibin. Matar da ke saƙa hula awa biyu a rana tana sayarwa, tsohon tsari mara aiki ya ce da ita, alhali da kuɗin take sayen sabulu da littafin yara. Sannan da ma'auninmu na gida ba yadda za ka jera mu da Gana ko Kenya ka ce ga wanda ya fi. Amma na ba ka rabin gaskiya: da ni ce, sai in ci gaba da fitar da duka biyun gefe da gefe, don kada a yanke wa mutane igiyar kwatanta bana da bara.

Baban Ummi: Rabi kawai?

Maman Sadik: Rabi. Kalmar ƙarya ba ka janye ba.

Kawu: Salamu alaikum. Yaro ne ke rubuta min, ya karanta min duk abin da kuka ce. Ni tambayata ɗaya. Tun ina saurayi nake noma gero da dawa, daga shuka har girbi ba na hutawa. Abin da na samu rumbu yake shiga mu ci, sai ɗan wake nake kai wa kasuwa in za a yi hidima. A wane layi suka sa ni?

Maman Sadik: Kawu ina wuni, ya ƙarfin jiki. Taka ce ta fi wuya. Abin da taron 2013 ya sauya kenan: wanda yawancin amfanin gonarsa ci ake yi a gida, ba a sa shi a masu aiki, don aiki a wurinsu sai na kuɗi ko riba. Ana ƙirga shi daban a matsayin mai noman ci.

Kawu: To mara aiki ne ni kenan?

Maman Sadik: A'a Kawu, sai in kana neman wani aikin. Tunda ba ka nema, ba ka cikin layin biyu.

Kawu: Ikon Allah. Yaron da ya wanke mota awa ɗaya ma'aikaci ne, ni da na yi shekara arba'in da fartanya ba a san inda za a ajiye ni ba.

Baban Ummi: Kin ji ko, Maman Sadik? Amsa wa Kawu.

Maman Sadik: Na amsa iya abin da ƙa'idar ta ce, Yaya. Kawu, bana waken buhu nawa ka sayar, geron kuma dami nawa ka ajiye? In na kasuwa ya rinjayi na rumbu, amsar za ta sauya.

Kawu: Bari in ƙirga in an idar da Magariba.