Wa ya taɓa yin miyar nan ta sosej da dankali da madara a gida?

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka taɓa yin wannan miyar da ake ce ma zuppa toscana, wadda ake haɗa nama da dankalin turawa da ganye a cikin romo mai madara, ku faɗo mana yadda ta kaya muku. Ni dai na gwada saboda sanyin nan da aka shiga, ɗanɗano ba laifi amma madarar ta tsinke ta yi gudaji-gudaji a saman romon, kuma ƙamshin ba shi da maraba da farfesun da nake yi kullum sai dai shi wannan fari ne. Niƙaƙƙen naman sa na sa, albasa, tafarnuwa, maggi, kori, sai madarar gwangwani ɗaya. Yara sun shanye kam, su ba ruwansu, amma ni raina bai kwanta ba.

Anti daga Texas:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari in fara da inda miyar ta fito don shi zai nuna miki inda aka samu matsala. Wannan mai madarar da kuke gani a bidiyo, wani gidan abinci ne na nan Amurka ya sa ta yi suna, Olive Garden, tun 1982 suka buɗe a Orlando, kuma nasu da sosej ɗin alade suke yi, shi ya sa ni ko na bi abokan aiki wurin sai dai in ci salak da burodi in zuba musu ido. Dole ce ta sa na koyi yi a gida. To abin da ke sa ta ƙamshin nan na daban ba madara ba ce ba kuma dankali ba, kayan da ke cikin sosej ɗin ne, musamman shammar, wato 'ya'yan ƙamshin nan da turawa ke ce wa fennel. In babu shammar farfesu kika yi, ko me kika zuba.

Ga yadda nake yi, nama rabin kilo niƙaƙƙe mai ɗan kitse, shammar cokalin cin abinci ɗaya sai in ɗan gasa shi a busasshen kasko ya fara ƙamshi sannan in daddaga a turmi ba sai ya yi gari ba, tafarnuwa da yawa, garin jan tattasai, busasshen barkono, masoro, gishiri. In murje su da hannu sosai in rufe in sa a firij tun da safe, ko ma ya kwana. Ba sai kin ɗura shi cikin wata hanji ba, dama ko na kanti aka siyo sai an farke an fitar da naman. Kori kuma ki bar shi a mazubinsa dan Allah, shi da tayim duka, su ne suka mayar miki da ita miyar gida.

Maman 'Yan Biyu:
Ikon Allah. Anti ina ake samun shammar ɗin a nan, ko sai manyan kantuna?

'Yar Zariya:
Wane manyan kantuna, ki je wajen masu magungunan musulunci kawai, suna da shi, mata ma suna siya su dafa kamar shayi saboda kumburin ciki. Sai dai ki duba da idonki kar yaron shago ya auno miki hulba, ita hulba 'yan ƙanana ce ruwan ɗorawa masu tauri kuma ɗaci gare ta, shi shammar dogaye ne kore-kore, in kika tauna guda za ki ji ɗan zaƙi. In babu shi yansun ma yana yi amma ki rage, ya fi ƙarfi.

Ni abin da na lura da shi a nawa, suyar naman. Sai tukunya ta yi zafi sosai nake zubawa kuma bana juyawa da wuri, in bar shi ya kama ƙasa ya yi ja, har wani ɗan ƙanzo ya fito a gindin tukunyar. Sai in kwashe naman, in zuba albasa a cikin kitsen da ya fita, in ta yi laushi in sa tafarnuwa, sannan in zuba romon kaza ludayi ɗaya in kankare ƙanzon nan da muciya ya narke a ciki. Rabin daɗin yana nan wlh. Masu bidiyo wasu giya suke zubawa a daidai wurin nan, romo ya wadatar. In kuma naman ya tara ruwa yana tafasa maimakon ya soyu to ya yi wa tukunyar yawa ne, a raba shi biyu.

Amarya:
Ni kam sosej na kanti na siyo irin dogayen nan na kaza da ake sa wa a shawarma na yayyanka, maigida ya ce ya yi daɗi amma dai kun san sabon aure komai daɗi ne 😂 gsky ni ban ji wani abu ba, gishiri ne kawai da ƙamshin hayaƙi.

Anti daga Texas:
Amarya ai wannan dafaffe ne tun daga kamfani, ba abin da zai ba romon. Ɗanyen nama ake so wanda zai saki kitsensa da kayan ƙamshinsa a tukunya. Ki sa mahauci ya ba ki tsoka ya haɗa miki da ɗan kitse a niƙa tare, tsoka zalla bushewa take yi ta yi kamar tsakuwa a baki. Na rago ma yana yi sosai, na kaza ko talotalo kuma sai kin ƙara man zaitun.

Ɗalibi a Italiya:
Ku gafarce ni iyayena mata na shigo muku kicin. Ni ina karatu ne a Pisa, cikin yankin Toskana ɗin da sunan miyar ke nufi, kuma na nuna wa tsohuwar da nake haya a gidanta hoton wannan mai madarar, ta kalla ta ce wannan ai ta Amurkawa ce. Tasu ta nan da suke ce wa ribollita ba madara ba sosej, farin wake ne da wani baƙin kabeji mai dogayen ganye da suke kira cavolo nero, da karas da albasa da seleri, sai busasshen burodi na jiya ko shekaranjiya da ake jiƙawa a ciki har ta yi kauri cokali ya kusa tsayawa, a kwarara ɗanyen man zaitun a kai. Abincin manoma ne asali, ana dafawa yau a sake ɗumamawa gobe. Shammar dai gaskiyar Anti ce, suna ji da shi a nan, har wani busasshen nama suke da shi mai suna finocchiona da shi ake yi, amma alade ne.

Ni duk biyun nake yi. Naman ina siyowa wurin mahautan halal 'yan Maroko. Kuma na fara satar dabarar tsohuwar, ina zuba farin wake dafaffe a cikin mai madarar, tana riƙe ciki har dare, ga ɗalibi kun san lissafin.

Hajiya Babba:
Ɗana Allah ya ba da sa'ar karatu. To ni tambayata ga ku yaran nan, wannan abin da me ake cinsa? Jikata ta yi mana da ta zo hutu, ta zuba wa Alhaji a kwano da cokali, ya shanye tas ya zauna yana jira a kawo tuwo. Da aka ce ai shi kenan abincin sai ya ce a dafa masa taliya. Ni dai na ji daɗinsa saboda haƙora, dankalin ya yi laushi, amma ni a wurina abin buɗa baki ne da azumi ko na mara lafiya.

'Yar Zariya:
Hajiya da burodi ake ci, a gasa shi ya ɗan yi ƙarfi ana tsomawa. Mu a gidanmu gurasa nake siyowa kuma wlh ta fi burodin yanka dacewa don ba ta da sukari. Amma maganar Alhaji gaskiya ce, namu ma sai na dafa farar shinkafa a gefe.

Mai Kek ta Kaduna:
Bari in zo kan maganar madara tunda ita ce ta fi damun Maman 'Yan Biyu. Su can Amurka kirim mai nauyi suke sawa, wanda maiƙonsa ya kai kashi 36 cikin ɗari, wannan maiƙon shi ke hana shi tsinkewa ko ya ɗan tafasa. Madarar gwangwani maiƙonta bai kai kashi 10 ba, in ta haɗu da tafasa mai ƙarfi ga gishiri, sai ta rabu. Ba wai ba za ta yi ba, ni da ita nake yi kusan kullum don kirim ɗin girki na kwali tsada gare shi kuma ba ko'ina ake samu ba. Sai dankali ya nuna, ganye ya shiga, na kashe wuta gaba ɗaya, sannan in juye madarar a kofi in ɗebo romo mai zafi ludayi ɗaya in zuba a kanta ina juyawa, in ƙara wani, ta yi ɗumi, sai in mayar cikin tukunya. Daga nan ba tafasa kuma. Masu kurfoti ku sauke tukunyar ƙasa don gawayi ba ya jin a rage.

Sannan dan girman Allah kar wanda ya sa kirim ɗin kek, na garin nan da muke bugawa mu yi ado da shi, akwai sukari da flebo a ciki. Wata kwastoma ta ta siya a wurina ba ta faɗa min me za ta yi da shi ba, da daddare sai ga kira wai miyarta tana ƙamshin banila.

In kina son kauri ba tare da kirim ba, ki ɗebo dankali kaɗan daga tukunyar ki murƙushe da bayan cokali ki mayar, shi kenan. Ba sai fulawa ba.

'Yar Jos:
Kun zo gidana, maganar dankali. Ba duka ne ɗaya ba fa. Wanda Amurkawa ke sawa, russet, mai gari ne yana fashewa a ruwa shi ke ba romon jiki. Namu da ake kawowa daga Bokkos da Mangu akwai mai garin akwai kuma mai danƙo wanda ko ya dahu yana nan da siffarsa, ki tambayi mai sayarwa wanne ne ke fashewa in an dafa, sun sani. Ni haɗawa nake, in yanka mai garin sirara ya narke, ɗayan kuma manya. Ga rabin kilo na nama dankali matsakaita biyar ko shida sun isa, romo kamar lita ɗaya da rabi, madara kofi ɗaya. Wanda fatarsa ta yi kore ko ya fara tsiro ki fere wurin sosai ko ki yar, ɗaci gare shi kuma ba kyau ga ciki.

Ganyen kel, dangin kabejin nan da Amurkawa ke sa wa miyar, ana nomawa a nan yanzu, ana kai wa Abuja ma, in kin samu ki cire ƙashin tsakiyar don tauri gare shi, minti biyar ya ishe shi a wuta. In babu, ni na fi son ugu a kan alayyafo. Alayyafo yana saurin mutuwa ya kuma sa romon ya yi duhu, in shi za ki sa to bayan kin kashe wuta, zafin ya ishe shi. Kabeji ma yana yi sai dai yana kawo ɗan zaƙi.

Baban Gida:
Ni ne mai girkin ƙarshen mako a gidana, kar a min dariya. Na ga wasu suna barbaɗa naman alade mai hayaƙi a kai, sai na ce bari in sa kilishi a madadinsa, na yayyaga ƙanana na watsa a saman kowane kwano lokacin ci. Jama'a ku gwada. Amma kar a zuba a tukunya, labun jikinsa narkewa yake ya mayar da ita miyar gyaɗa. Kuma attaruhu guda ɗaya nake jefawa ba tare da na fasa ba, in tsame kafin madara, yajin busasshen barkonon nan na turawa bai ishe ni ba.

Ɗalibi a Italiya:
Yaya Baban Gida, wannan na kilishin sai na gwada in an kawo min tsaraba. Wani abu kuma ga masu barbaɗa cukun parmesan a kai, na ainihin da wani sinadari daga tumbin ɗan maraƙi ake daskarar da madararsa, wasu ba su damu ba wasu suna kaucewa, ku dai duba takardar jiki. Miyar ba ta rasa komai in babu shi.

'Yar Maraɗi:
Mu nan kirem fresh, wani kirim mai kauri na Faransawa, muke samu a butik kuma shi baya tsinkewa da wuri, yana da ɗan tsami kaɗan mai daɗi. Abin da nike son in ce shi ne ajiya. Wannan ba irin miyar da za a bari bisa murhu ba ce tun rana har dare ana ɗumamawa, madara da nama ga zafin garinmu, in ta wuce awa biyu a waje kar a ci ta, lokacin bazara ma awa ɗaya. Firiza kuma ba ta karɓe ta ba, na sa saura na fiddo bayan sati, dankalin ya yi ruwa-ruwa madarar ta ware gefe. Yanzu naman kawai nike haɗawa da yawa in ƙulla a leda rabin kilo rabin kilo in sa a firiza, ranar da nike so cikin minti arba'in an gama.

Maman 'Yan Biyu:
Kai amma na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na aika an siyo shammar ɗin, na tauna kuma akwai zaƙin da 'Yar Zariya ta faɗa, naman yana firij yanzu haka sai dai wuta ce ba tabbas, in ba su kawo ba zuwa la'asar zan ɗora kawai. Mai Kek, madarar gari fa in na dama ta da kauri za ta yi? Gwangwanin ya ƙare kuma bana son sake aike.

Mai Kek ta Kaduna:
Za ta yi in mai cikakken maiƙo ce, cokali huɗu a kofi ɗaya na ruwan ɗumi, ki dama sosai kar ta yi ƙulalai. Ki ɗanɗana ta tukuna don wasu na sacet ɗin nan akwai sukari a ciki. Kuma ki rage maggi, naman ya riga ya sha gishiri tun safe, sai kin sa madarar sannan ki ɗanɗana ki gyara.